Hadarin da Ya Ɓullo ta Yamma

Tun da muka dawo daga Umara ban samu sakat ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisa a tare ni, har mai gyaran famfo da ya zo gidana sai da ya ajiye sifana ya ce, "Malam Isyaku, wai da gaske ne ka tsayar da ruwa a Makka?" Ban tsayar da komai ba, jama'a, ni wane ne? Labarin ne yake ta ƙara ƙiba daga baki zuwa baki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, na yi shekara talatin da biyu ina aikin duba yanayi a filin jirgin sama kafin in yi ritaya in dawo gida Zariya. Aiki ne wanda in ka faɗi daidai babu mai tunawa, in ka kuskure sau ɗaya kuwa har jikokinka sai sun ji.

Mu ashirin da biyu muka tashi, cikin tsakiyar sanyi. Jagoranmu Alhaji Ɗanjuma ne, mai shirya wa mutane tafiyar Umara, mutumin kirki mai yawan hidima, sai dai ya je Makka sau goma sha ɗaya kuma ba ya yin magana uku bai tuna maka ba. Na tafi da matata Balaraba. Ita buƙatunta biyu ne: ibada, da kayan ɗakin 'yarmu Nafisa, wadda ta gama karatun jinya ta kawo mana wanda take so, aka sa biki bayan dawowarmu. Shekara uku Balaraba tana tanadi, ta rantse labule da kafet da zannuwan gadon autarta sai na Makka.

Tun a hanyar Kano tafiyar ta fara nuna hali. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan taya ta fashe, direba ya buɗe but sai ga safaya babu jak. Muna tsaye muna salati, wani dattijo a cikinmu, Malam Barau, manomi daga Soba, ya tuɓe babbar riga ya sa aka tattaro duwatsu, muka ɗaga motar da wani gungumen itace. Tun daga nan na ji ya kwanta mini a rai. A filin jirgi kuma masu bincike suka zaro wani ɗan ma'aunin nauyin iska da nake yawo da shi tun ina aiki, girmansa bai wuce agogon tebur ba. Sai da na yi bayani har bakina ya bushe. Balaraba ta kawar da kai ta ce, "Mutane na ɗaukar carbi, kai kana ɗaukar agogon da ba ya faɗin lokaci."

Da harami muka shiga jirgi, sanyin na'ura ya yi ta dukan kafaɗunmu har Jidda. A can layin shiga ƙasa ya tsaya cak a kan Malam Barau, don na'ura ta ƙi karanta yatsunsa, fartanya ta cinye zanen. Jami'in, wani saurayi mai haƙuri, ya shafa masa mai, ya danna, ya sake dannawa, daga baya ya juya tafin hannun yana kallo ya ce wani abu da Larabci. Malam Barau ya ce, "Gaya masa gero ne da dawa." Da ƙyar babban yatsa ya amsa. Jakar Balaraba kuwa da aka buɗe, ƙullin daddawa ya yi sallama, mai binciken ya ja da baya ya yi mana alama da hannu mu rufe mu tafi.

Ba zan tsaya bayanin ganin Ka'aba ba, don ba ni da bakin yinsa. Na sha ganinta a hoto, amma da muka shigo na ɗaga kai, duk addu'o'in da na haddace suka gudu, na tsaya ina kuka kamar yaro. Wanda ya je ya sani.

Masaukinmu a Aziziyya yake, wani gida mai hawa biyar a gindin dutse, mota ke kai mu Harami ta cikin ramin da aka fasa a dutse. Mutum huɗu a ɗaki, in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa akwatin wani. Abinci kuwa shinkafa da kaza da rana, shinkafa da kaza da yamma, da safe wake dakakke da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke ce wa tamis. Tamis ɗin nan na yaba masa. Shayi kuma a wani ɗan kofi suke ba ka, kurɓa biyu ya ƙare, ka rasa ko za ka roƙi ƙari ko za ka yi kawaici. Kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, babu mai ce musu kule. A kasuwa ɗan Bangaladash zai kama hannun rigarka yana cewa, "Alhaji zo, araha, araha!" da Hausar da ta fi ta wasu jikokina.

A rana ta uku Balaraba ta ce ita cikinta ya gaji, ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce da sanda, fuska cike da fara'a.

"Salamu alaikum. Wa ad da daddawa cikin gidan ga? Wallah tun daga ƙasa nij jiyo ta."

Ashe mai gidan ce, Hajja Zainabu. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa bai koma ba. Hausarta irin ta mutanen da ce, ta Sakkwatanci, ga Larabci yana shiga yana fita. Ta zauna ta cinye malmala biyu tana cewa "marra daɗi", wato daɗi ƙwarai, ita da Balaraba suka ƙulle tun daga ranar. A hawa na ɗaya take zaune, gwiwa ta hana ta yawan hawa sama, ranar ma ƙanshin daddawa ne ya jawo ta.

Sati guda ana ibada ana sayayya. Kaya suka yi yawa har ɗakuna suka ƙi ɗauka, sai Alhaji Ɗanjuma ya ce a kai komai saman rufin gidan, fili ne a buɗe, a jibge a can har ranar Alhamis da motar masu aika kaya za ta zo ta kwasa. Ya ce haka yake yi duk zuwa. Aka kwashi jakunkuna da kwalaye aka hau da su, har da kayan Nafisa gaba ɗaya: naɗin kafet biyu, labule, zannuwa, barguna, da akwatin dogayen riguna. Ni ma da hannuna na taya, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar na hau rufin shan iska bayan sallar asuba, sai jikina ya ba ni wani abu. Tun zuwanmu iskar safe busasshiya ce mai ɗan sanyi, daga arewa. Ran nan ta juya ta koma kudu, da ɗumi, tana manne wa fata. Can sama kuma ga wasu siraran gajimare kamar an ja auduga, sun taso daga yamma. Na sauka na ciro ma'aunina, allura ta sauka. Da azahar ta ƙara sauka. Na buɗe taswirar yanayi a waya, irin wadda na saba karantawa a wurin aiki, na ga abin da nake tsoro: iska mai sanyi ta taso daga wajen Sham tana gangarowa, ga kuma iska mai ɗumi ta kwaso laima daga Bahar Maliya tana jiranta. Inda goshin mai sanyin ya cusa ƙarƙashin mai ɗumin ya ɗaga ta sama, nan hadari ke haɗuwa. In ya wuce kuma sanyi ya biyo baya.

Na kwana ina lissafin tafiyarta. Ranar Lahadi bayan cin abincin rana, kowa na zaune, na yi gyaran murya.

"Jama'a, ina ba da shawara a sauko da kayan nan. Ina sa ran ruwa ranar Talata da yamma, in ya yi jinkiri Laraba da safe. Kuma ba yayyafi ba."

Sai wani ya tuntsire da dariya.

Alhaji Ɗanjuma ya ce, "Malam Isyaku, ruwa? Cikin sanyi? A Makka? Sau goma sha ɗaya ina zuwa ƙasar nan, ko ɗigo bai taɓa taɓa kayana ba."

"Alhaji, a wane lokaci kake zuwa?"

"Azumi da aikin Hajji mana."

"To ai shekarun nan duk cikin zafi suka faɗo. Wannan ne zuwanka na fari da sanyi. Su nan ruwansu da sanyi yake zuwa, ba kamar namu ba."

Ransa ya ɓaci, don a gaban mutanensa ne. Ya ce saukar ruwa Allah kaɗai Ya san lokacinsa. Na ce haka ne, ni ma ban ce ni zan saukar ba, amma matar da ta ga gari ya haɗe ta kwashe shanyarta ba saɓo ta yi ba. Ya ce to ina garin ya haɗe? Ya juya wajen Malam Barau ya ce ga manomi nan, ya faɗa. Malam Barau ya hau sama, ya daɗe, ya sauko yana sosa ƙeya.

"Malam, ka gafarce ni. Na duba gabas tun daga gindinta, wallahi fes take. Ko gajimare na ɗaurin kai babu."

Shi ke nan aka watse. Ina ji wani yana cewa ritaya ce ba ta karɓe ni ba. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi zafi kuma a matakala Balaraba ta tare ni da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, don girman Allah kada ka kunyata ni a ƙasa mai tsarki. Mutumin nan ya fi ka sanin garin nan."

Na ce, "Ya fi ni sanin kasuwarsa. Balaraba, saurara. In na kuskure, dariya za a yi mini, na saba. In kuma na yi daidai kayan nan suna sama, me za ki shimfiɗa wa Nafisa?"

Ta juya ta wuce.

Ranar Litinin da safe wayoyinmu duka suka yi ƙara, saƙo ya shigo da Larabci. Alhaji ya ce tallar kamfanin waya ce, kullum suna turowa. Balaraba ba ta yarda ba, ta karɓi wayata ta ce in biyo ta wurin Hajja Zainabu. Tsohuwa ta sa tabarau ta karanta, ta ce gargaɗi ne daga masu duba yanayi na ƙasar, ana sa ran ruwa da iska. Daɗi ya kama ni, ashe 'yan'uwana na nan ma sun gani. Da Balaraba ta gaya mata inda kayanmu suke, sai ta dafe ƙirji.

"A suduhu? Bisa rufi, cikin watan ga? Haram alaikum! Wa yac ce ku kai su can?"

Kafin azahar Balaraba ta haɗa kan matan ayarin kaf. Da Alhaji ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya ce to, masu tsoro su kai nasu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira badrum, ai babu kowa a ciki. Ni kuwa har na ce madalla, don rufi nake nema kawai. Hajja ta buga sandarta a ƙasa.

"La, la, ya waladi. Kai ka san sama, ni na san ƙasa. Duwatsun ga ba su shan ruwa. Duk abin da yaz zuba bisa, titi shika biyowa, sel muka ce mishi, kuma badrum shika fara cikawa. Ku kawo falona. Yalla!"

Da na bi ta Alhaji a nan, da na tsamo kayan 'yata daga ruwan sama na kai su rijiya. Muka yini muna sauke kaya, mata da mu maza uku, har da Malam Barau, wanda ya ce shi bai ga hadari ba amma ba zai zauna mata na ɗaukar kaya ba. Falon Hajja ya cika har bakin taga. Alhaji da sauran maza suka bar nasu a sama, kwalayen jallabiya da barguna da dabino da darduma, tuli guda.

Talata ta waye tas. Rana ta fito kamar an wanke ta. A wurin karin kumallo Alhaji ya miƙo mini tamis ya ce, "Malam Isyaku, in aika a sayo maka lema?" Aka yi dariya. Na kasa cin komai. Allurar ma'aunina tana ta sauka, taswira ta nuna an yi ruwa a garuruwan arewa da mu, amma na san goshin sanyi yakan yi rauni a hanya, ko ya karkata ya bar gari a bushe. Na sha ganin haka. Balaraba kuwa ko kallona ba ta yi, matan da ta sa suka sha wahala jiya sun fara yi mata gatse.

Da azahar iska ta ɗauke ɗif, gari ya yi nauyi. Ranar a masallacin unguwa na yi la'asar, ina sallamewa na kamo hannun Malam Barau muka hau rufi. Yana isa ya nufi wajen fitowar rana, ya kare ido da tafin hannu, ya girgiza kai cikin tausayina. Sai na dafa kafaɗunsa biyu na juya shi gaba ɗaya ya fuskanci yamma, wajen Jidda.

A bayan duwatsu wani baƙin bango ya taso daga wannan gefe zuwa wancan, gindinsa shuɗi-shuɗi, walƙiya na wasa a cikinsa.

Malam Barau ya buɗe baki. "La'ilaha illallahu! Wannan ai hadari ne na gaske. To me ya kai shi yamma?"

"A gida daga gabas yake zuwa mana. Nan ta nan yake shigowa."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya ruga bakin matakala ya kwarara murya irin ta mai kira daga wannan gona zuwa waccan: "Hadari! Hadari ya taso! Ku fito a kwashe kaya!" Abin da na yi kwana uku ina faɗa da taswira, manomi ya faɗe shi sau ɗaya gida ya girgiza. Maza suka fito wasu ba hula, wasu takalmi ƙafa ɗaya, aka jeru a matakala ana miƙa kwali hannu da hannu. Alhaji Ɗanjuma da kansa yana tsakiya, gumi ya jiƙa masa riga, yana cewa, "A yi sauri, a yi wa Annabi!" Iska mai sanyi ta bugo ta yi sama da ledoji. Saura kwali biyu na dabino aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ban taɓa jin daɗin jiƙewa irin na ranar ba. Na tsaya a tsakiyar rufin, ruwa na dukana, ina dariya ni kaɗai.

Daga tagar Hajja muka kalli sauran. Cikin ɗan lokaci titi ya zama kogi, jan ruwa na gangarowa daga dutse da kwandunan shara da takalman mutane, ya kwarara cikin badrum har ya shafe matakalarsa ta uku. Abin mamaki, mutanen gari ba gudu suke ba. Mu a gida in ruwa ya sauko kowa ɗaki yake nema. Su kuwa tagogi suka buɗe, maza da mata suna miƙa tafin hannu waje suna addu'a, wasu sun tsaya a ƙofar gida suna ɗaukar hoto. Hajja ta sa aka matso mata da kujera, ta tara hannu ta shafa a fuska tana cewa, "Rahama, rahama."

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Duk ayarin muka taru a falon, tsakanin jakunkuna, ana shan shayi a 'yan kofunan nan. Balaraba ta durƙusa ta zuge jakar zannuwan Nafisa, ta cusa hannu har ƙasa, ta taɓa kafet, ta taɓa labule. Komai a bushe. Ta zauna a kan akwatin ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na san kuka take, ni ma sai da na kalli silin.

Sai ga Alhaji Ɗanjuma ya shigo, ya fito daga duba rufi, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya ce magudanar ta toshe, ruwa ya kwanta a inda kayan suke har ya wuce idon sawu. Ya zo gabana ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Isyaku, na sallama. Sau goma sha biyu ke nan, amma yau na fara zuwa Makka da sanyi. Ka yafe mini." Ya saki hannuna ya ce, "To yanzu sauran kwanakin fa? Me ke tafe?"

Falon ya kaure, kowa na jefo tasa, wannan na tambayar ziyarar Arfa da aka sa gobe, waccan na tambayar ko jirginmu zai tashi. Na buɗe baki sau biyu ba a ji ni ba. Sai Balaraba ta yaye mayafi, idonta jawur, ta miƙe tsaye a gaban maza da mata ta tafa hannu.

"Ku yi mana shiru! Malam zai yi magana."

Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Falon ya yi tsit har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Na gyara zama, na ce in Allah Ya so ruwa ya wuce, gobe gari zai waye garau, amma sanyi na bayansa, na kwana uku, wanda zai sa haƙori kaɗawa da asuba, don haka duk mai zuwa Arfa ya nemi abin rufa. Alhaji Ɗanjuma ya juya ya dubi kwalayensa ya ce, "Wanne ne na barguna? A farke shi."